Labarin Mujallar 'Yan Matan Jamus Wadda A Ke Farawa Daga Baya

A farkon shekarar 2003 wani kamfanin buga littattafai na birnin Hamburg, cikin ƙasar Jamus, mai suna Carlsen, ya fito da wata mujalla wadda Jamusawa ba su taɓa ganin irinta ba. Sunanta Daisuki, kalma ce ta bakin Japan, ma'anarta "ina so ƙwarai". Kaurinta ya wuce shafi 200, kusan dukansu zane ne baƙi da fari. Maganar da ke ciki da Jamusanci ta ke, amma labarun daga Japan aka ɗauko su, kuma domin 'yan mata aka yi ta. Abin da ya fi ba iyaye mamaki shi ne, ba ta inda aka saba buɗe littafin boko a ke buɗe ta ba. Daga baya a ke fara ta, ana bi daga dama zuwa hagu, kamar yadda mu ke buɗe littafin Larabci ko na ajami.

Ta yi shekara tara tana fitowa wata wata, sa'an nan cikin 2012 aka tsai da ita, don ciniki ya ja baya. Wanda ya ji haka zai ce abin ya ƙare cikin hasara ke nan. Mu kuwa da muka bi labarin tun daga tushe, sai muka ga ba haka ba ne. Mujallar ta mutu, amma aikin da aka yi ta dominsa ya tsaya da ƙafarsa. Mun ga ya kamata mu kawo wa masu karatu yadda aka yi, musamman malaman makaranta, waɗanda kullum tunaninsu shi ne yadda za a sa yaro ya so karatu ba da bulala ba.

Asalin abin a Japan

Mutanen Japan suna kiran labarin da a ke bayarwa da zane manga. Ba kamar sauran ƙasashe ba inda a ke ganin wannan abin yara ne, su can kowane jinsi da nasa. Akwai na samari, akwai na 'yan mata, akwai na magidanta da na matan aure. Na 'yan mata shi a ke kira shojo, watau yarinya.

Manyan mujallun 'yan mata na Japan sun daɗe. Kamfanin Kodansha ya fara Nakayoshi a ƙarshen 1954, kamfanin Shueisha ya biyo da Ribon cikin 1955, kāna kamfanin Hakusensha ya fito da Hana to Yume cikin 1974 da LaLa cikin 1976. Da fari maza ne su ke yi wa 'yan mata zanen. Shahararren cikinsu shi ne Osamu Tezuka, wanda cikin 1953 ya fara labarin wata 'yar sarki da aka rene ta kamar ɗa namiji don kada sarauta ta fita daga gidansu. Amma tun daga wajen 1970 mata suka karɓe alƙalamin. Irin su Moto Hagio da Keiko Takemiya da Riyoko Ikeda suka sāke fasalin sana'ar. Riyoko Ikeda ita ce ta zana labarin nan na juyin mulkin Faransa, wanda ta fara cikin 1972. Su ne suka koya wa zane ya nuna abin da ke cikin zuciya: sai ka ga shafi guda ba kowa sai fuska da furanni da 'yan kalmomi suna yawo, amma mai karatu ya gane baƙin cikin da a ke nufi.

Yadda cinikin ya ke tafiya can shi ne abin lura. Mujallar a kan buga ta a takarda mai araha, ta yi kauri, a sa mata kuɗi kaɗan, a haɗa da 'yar kyauta, kamar jaka ko takardun wasiƙa masu ado. Kowace fitowa tana ɗauke da labaru barkatai, kowane labari babi guda, sauran sai fitowa ta gaba. A ciki akwai katin da yarinya za ta cika ta aika wa edita, ta faɗi labarin da ta fi so. Labarin da ya sami masoya ya ci gaba, wanda bai samu ba a datse shi. In babi ya taru, sai a haɗa a buga ɗan littafi mai kyakkyawar takarda, wanda a ke saye a ajiye. Mujallar kanta kuwa in an karanta sai a yar. Ashe mujalla rariya ce, da ita a ke tankaɗe labaru, riba kuwa a littafi ta ke. Don a san girman abin, Ribon kaɗai cikin 1994 an buga mata fiye da miliyan biyu da rabi a fitowa guda.

Yadda abin ya shiga Jamus

Jamusawa mutane ne masu girmama littafi, amma sun daɗe suna raina labarin zane. Cikin 1953 aka yi doka a Jamus ta Yamma a kan rubuce-rubucen da za su ɓata tarbiyyar yara, cikin 1954 aka kafa ofishin da zai duba su. A zamanin nan har a kan tara wa yara irin waɗannan 'yan littattafai a karɓe, a musanya musu da waɗanda a ke ganin na kirki ne. Waɗanda suka sami gindin zama, kamar mujallar Micky Maus wadda aka fara cikin 1951, na ƙananan yara ne. Yarinyar da ta fara girma ba ta da wani abu nata na zane sai irin su Wendy, wadda aka fara cikin 1986, labarinta kuwa galibi na dawaki ne.

Talabijin ne ya share wa zanen Japan hanya. Tun wajen 1977 yaran Jamus su ke kallon Heidi, labarin wata yarinya ta duwatsun Siwizalan, yawancinsu ba su ma san a Japan aka zana shi ba. Amma abin da ya girgiza ƙasar shi ne Sailor Moon, na wata mai zane Naoko Takeuchi, labarin 'yan mata 'yan makaranta waɗanda aka ba ikon yaƙi da miyagu. Tashar ZDF ta fara nuna shi cikin 1995, tashar RTL 2 ta ɗauka cikin 1997, nan fa ya zama abin hira a kowane filin makaranta. Kamfanin Egmont ya bi da littattafansa cikin 1998.

A wajen littattafai kuwa, Carlsen ya riga ya gwada tun 1991 da wani labari mai suna Akira. Amma an juya shafunansa don su bi karatun Turawa, aka sa musu launi, aka buga su manya, suka yi tsada, sai manya masu sha'awa su ke saye. Cikin 1997 kamfanin ya sāke dabara da Dragon Ball na Akira Toriyama. Masu labarin a Japan suka ce ba za a juya shafi ba, sai a bar shi yadda ya ke. Aka buga shi ƙarami, baƙi da fari, da kuɗin da yaro zai iya tarawa. Ana tsoron karatu daga baya zai kori masu saye, sai ga shi shi ne ya jawo su. Yara suka sami abin da su sun iya, iyayensu ba su iya ba.

Mujallu huɗu

Da kamfanoni suka ga haka, sai suka ce bari su ɗauko tsarin Japan ɗungum, har da mujallar. Carlsen ya fara Banzai! a ƙarshen 2001, ta samari, da labarun kamfanin Shueisha irin su Naruto. Egmont ya farfaɗo da Manga Power cikin 2002, sa'an nan cikin 2003 ya ƙara da Manga Twister, wadda ta haɗa labarun samari da na 'yan mata cikin bango guda. Daisuki ita ce ta 'yan mata zalla, labarunta kuwa yawancinsu daga Hakusensha aka sayo izininsu, watau daga Hana to Yume da LaLa. Ba Jamus kaɗai ta ke zuwa ba, har da Ostiriya da sashen Siwizalan inda a ke jin Jamusanci.

Ba a daɗe ba suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Manga Power ta tsaya cikin 2004, Banzai! a ƙarshen 2005, Manga Twister cikin 2006. Daisuki kaɗai ta rage, ta ƙara shekara shida bayan sauran. Ku duba fa: a ƙasar da aka daɗe ana cewa zane abin yara maza ne, mujallar 'yan mata ce ta binne sauran duka. Ko a Amurka, inda mutane suka fi yawa nesa ba kusa ba, takwararta Shojo Beat daga 2005 zuwa 2009 kaɗai ta yi.

Abin da ke cikinta

To, mene ne 'yan matan nan su ke karantawa har suka riƙe ta haka? Bari mu kawo misali biyu ko uku.

Na farko Fruits Basket, na Natsuki Takaya. Wata marainiya ce, Tohru Honda, uwarta ta rasu, ta rasa wurin zama har ta kafa tanti cikin daji. Wani gida mai suna Soma suka ɗauke ta, sai ta tarar akwai la'ana a zuriyarsu: waɗansu daga cikinsu su kan rikiɗe su zama dabbobin nan na lissafin shekarun Sin. Da fari abin ban dariya ne. Amma da labari ya yi nisa sai a ga maganar yaran da iyayensu suka ƙi su a ke yi, da yadda haƙurin mutum guda ya ke warkad da gida duka.

Na biyu Skip Beat!, na Yoshiki Nakamura. Wata yarinya, Kyoko, ta bar makaranta ta bi wani saurayi zuwa Tokyo, tana aikin ƙarfi tana ciyad da shi don ya zama mawaƙi. Da ya yi suna sai ta ji da kunnenta yana cewa baiwa ya ɗauke ta. Maimakon ta zauna kuka, sai ta shiga sana'ar wasan kwaikwayo don ta rama. Cikin neman ramuwa ta gano tana da baiwar da ba ta san da ita ba.

Akwai kuma Maid-sama, labarin shugabar ɗalibai wadda ta ke ɓoye aikin da ta ke yi a gidan shayi don gidansu ba wadata, da Alice Academy, da Vampire Knight. Soyayya ba ta rasa cikinsu, gaskiya ne, kuma ba dukansu ne mu za mu miƙa wa ƙaramar yarinya ba. Amma in an tone, abin da ke ƙarƙashi shi ne maraici, da kunya, da talauci, da ƙawance, da tambayar da kowace budurwa ke yi wa kanta: ni me zan zama? Yarinya ce tsakiyar labari, ba 'yar rakiya ba. Mace ce ta zana, da idon mace.

Ban da labaru, mujallar tana da shafin wasiƙun masu karatu, da zanen da su ke aikowa, da bayani a kan al'adun Japan da harshensu. Wannan shafi na wasiƙu ba ƙaramin abu ba ne. Yarinyar da ke wani ƙauye, wadda 'yan ajinsu su ke yi mata dariya don abin da ta ke so, sai ta buɗe ta ga akwai ɗaruruwa irinta.

Masu karatu sun zama masu zane

Babbar albarkar da aka samu ita ce wannan. Carlsen bai tsaya ga sayo labarun Japan kaɗai ba, ya buɗe shafunan Daisuki ga 'yan ƙasa. Biyu daga cikin waɗanda suka fara fitowa sun isa misali.

Judith Park, haifaffiyar Duisburg ce cikin 1984, iyayenta mutanen Koriya ne. Ba ta kai shekara ashirin ba labarinta Dystopia ya fara fitowa cikin Daisuki a 2003, daga baya aka buga shi littafi, har aka fassara shi cikin waɗansu harsuna. Christina Plaka kuwa a Offenbach aka haife ta cikin 1983, asalin gidansu Girka. Labarinta Prussian Blue, na waɗansu matasa masu kiɗa, shi ma cikin Daisuki ya fara. Daga baya ta tafi Japan ta yi karatun wannan sana'a a Jami'ar Kyoto Seika, ta komo gida ta koyar da yara zane.

Ku lura da abin mamaki. 'Ya'yan baƙi ne, ɗaya jinin Koriya, ɗaya jinin Girka, suna zane irin na Japan, suna rubutu da Jamusanci, daga dama zuwa hagu. Kafin wannan zamani sana'ar labarin zane a Jamus kusan ta maza ce. Manga ce ta shigo da mata cikinta da yawa, yawancinsu kuwa sun fara ne da kwaikwayon abin da su ke gani a irin waɗannan shafuna.

Dalilin mutuwarta

In haka ne, me ya kashe ta? Kamfanin ya ce masu saye ne suka ragu. Mu kuwa ga abin da muka gani ya rage su.

Na ɗaya, a Japan mujalla rariya ce, amma labarun da aka kawo Jamus an riga an tankaɗe su. Ba a bukatar yarinyar Hamburg ta zaɓi wanda zai rayu, ƙuri'arta ba ta kai ga mai zane a Tokyo. Babban aikin mujalla ya faɗi tun kan a fara.

Na biyu, jinkiri. Fruits Basket babi 136 ne, littafi 23. In ana sa babi ɗaya kowane wata, sai an shekara goma sha ɗaya da ɗoriya, ko biyu biyu a ke sawa sai an haura shekara biyar. Wadda ta fara tana da shekara goma sha uku, kan a gama ta girma. Hana to Yume sau biyu ta ke fitowa a wata, Daisuki sau ɗaya, ga shi kuma an riga an yi mata nisa tun farko.

Na uku, Bajamushe ba ya sayen abu mai kauri don ya yar. A Japan yawan masu saye ya sa mujalla ta yi araha har a bar ta a kujerar jirgin ƙasa. A Jamus ba a bugawa da yawa haka, ga kuɗin izini, ga na fassara, saboda haka ba ta yi arahar da za a yar ba, ba ta kuma yi kyan da za a jera a kanta ba. Yarinya mai kuɗin kashewa kaɗan sai ta yi lissafi: in saya mujalla mai labari shida, biyu kaɗai na ke so, ko in jira littafin labarin da na ke so? Wadda ta sayi duka biyu kuwa ta biya sau biyu a kan abu guda.

Na huɗu, intanet. Masu sha'awa suka riƙa ɗaukar hoton shafunan Japan suna fassarawa suna bazawa kyauta, ba da izinin masu shi ba, 'yan kwanaki bayan fitowarsu. Hirar da a ke yi a shafin wasiƙu wata wata ita ma ta koma can, ana yin ta dare da rana. Mai jiran wata guda ba zai yi tsere da mai samu yau ba.

Abin da ya rage

Da aka tsai da Daisuki ba a tsai da labarunta ba, an ci gaba da buga su littafi littafi. Kantunan littattafai na Jamus, waɗanda dā ba su da wurin ajiye labarin zane, yanzu da wuya ka shiga babba ka rasa sashen manga. Kamfanoni sun ƙaru, kamar Tokyopop na Jamus wanda aka kafa a Hamburg cikin 2004. Babban bikin littattafai na Leipzig tun 2014 ya keɓe wa manga taronta na musamman, birnin Düsseldorf kuma, inda Japanawa su ke zaune da yawa, yana da nasa taron mai suna DoKomi tun 2009. Waɗanda suka cika waɗannan wurare, da yawansu 'yan matan nan ne na dā, yanzu sun zama masu fassara, da editoci, da masu zane, da malamai, da iyaye masu saya wa 'ya'yansu.

Mai gini ya kan kafa itatuwa ya hau ya ɗora rufi. In gini ya ƙare sai a kwance itatuwan, ba wanda zai ce sun yi aikin banza. Haka mu ke ganin Daisuki.

Abin da za mu ɗauka cikin wannan labari uku ne. Na farko, ba a ɗauko tsarin wata ƙasa ɗungum a dasa a ce sai ya yi 'ya'ya irin na can, sai an duba abin da ke riƙe da shi a gidansu. Jamusawa sun ɗauki labarun sun zauna, sun ɗauki mujallar ta ƙi zama. Na biyu, masu cewa 'yan mata ba su son karatu, a tambaye su me suka ba su suka ƙi. Yarinyar da ta bi labari guda littafi 23, ta koyi karatu daga baya ba malami, ta tara kuɗinta ta saya, wannan ba raggo ba ce, abin da ya dace da ita ne dā ba ta samu ba. Na uku, raini ba ya tsare yaro. Jamusawa sun gwada karɓewa cikin shekarun 1950, abin bai hana kome ba. Abin da ya fi shi ne babba ya buɗe ya karanta, ya san na kirki da na banza, ya zaɓa wa yaro abin da ya dace da shekarunsa, sa'an nan ya ba shi takarda da fensir ya ce, kai ma gwada naka.

Editan da ya bar wa masu karatu 'yan shafuna a ƙarshen mujalla bai san wadda za ta fito daga cikinsu ba. Haka malamin da ya ga yarinya tana zane a bayan littafin lissafi. Kafin ya ɗauki bulala, ya dai duba abin da ta zana. Allah ya sa mu gane.